Yadda ake haɗa tagwayen faifai su riƙe maka ajiyar ko-ta-kwana

Wani ofishi ya taɓa kirana in duba musu kwamfutar da suke tara kwafin takardunsu a ciki. Abin da aka ce mini a waya shi ne ta yi nauyi. Da na zauna na buga `cat /proc/mdstat`, umarnin da ke nuna lafiyar faya-fayan ajiya biyu da aka haɗa mata a matsayin tagwaye, sai gabana ya faɗi, domin a ƙarshen layin, inda ya kamata in ga `[UU]`, alamar duka biyun suna aiki, abin da ke wurin `[U_]` ne. Faifai ɗaya cikin biyun ya mutu tun watanni da suka wuce, ɗan'uwansa ya yi ta ɗaukar kayan shi kaɗai har shi ma ya fara tari. Wanda ya haɗa musu ya yi aikinsa da kyau, abu ɗaya ya bari: bai saita yadda injin zai yi kuka idan wani abu ya same shi ba. A daren muka kwashe komai zuwa wani faifan, hannuna na rawa. Tun daga ranar, idan na haɗa wa mutum tagwayen faifai ba na cewa na gama sai na kashe ɗaya da gangan a gabansa, ya ga saƙo ya shigo wayarsa, ya kuma mayar da shi da hannunsa.

Mene ne tagwayen faifai

Sunansa a wurin ma'aikata RAID 1. A shekarar 1988 wasu masana uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fitar da takardar da ta jera hanyoyin haɗa faya-fayai ta ba kowacce lamba. Ta ɗaya ita ce mafi sauƙin ganewa: duk abin da aka rubuta a wannan, an rubuta shi a wancan a lokaci guda. Ka sayi biyu masu terabait 4, abin da za ka samu terabait 4 ne, ba 8 ba. Idan girmansu ya bambanta, ƙaramin ne ke yanke hukunci.

Sai dai ka riƙe wannan tun kafin ka kashe ko kwabo. Tagwaye suna kare ka daga mutuwar faifai ne kawai. Idan ka goge fayil da kuskure, a take ya gogu a duka biyun. Idan manhajar nan mai garkuwa da fayiloli ta shigo ta kulle su, kullallun za a rubuta sau biyu. Idan wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona injin, ko ɓarawo ya ɗauke shi, tare za su tafi. Saboda haka tagwayen ɗaki ne mai ƙarfi da za ka riƙa zuba kwafinka a ciki, shi kuma kwafin aiki ne daban da zan zo kansa a ƙasa.

Zan yi bayanin ne da Linux, musamman Debian da Ubuntu, da manhajar mdadm wadda Neil Brown ya fara rubutawa a 2001. Na fi son ta a kan RAID ɗin da ake kunnawa a cikin BIOS ko katin da ake sokawa, saboda dalili guda: ran da allon uwar injin ya ƙone, za ka ciro faya-fayanka ka jona su a kowace kwamfuta mai Linux, ka buga `mdadm --assemble --scan`, kayanka su bayyana. Da kati kuwa sai ka shiga kasuwa neman irinsa sak.

Sayen faya-fayan

A nan mutane suka fi yin asara, don haka zan ɗan daɗe. Faya-fayan juyi iri biyu ne ta fuskar yadda suke rubutu, CMR da SMR. CMR yana rubuta kowane layi a wurinsa ba tare da ya hau kan wani ba. Shi SMR yana jera layukan rubutu wani a kan gefen wani kamar yadda ake ɗora kwanon rufi, don haka gyara layi ɗaya yakan tilasta sake rubuta na kusa da shi. A aikin yau da kullum ba za ka lura ba. Amma ran da aka ce a kwafe terabait huɗu cur a kansa ba tsayawa, wato ranar maye gurbin wanda ya mutu, sai ya riƙa jan ƙafa har tsarin ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi. A 2020 aka yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu faya-fayan WD Red masu terabait 2 zuwa 6 SMR ne, daga baya kamfanin ya ware masu CMR da sunan WD Red Plus. Seagate IronWolf da Toshiba N300 su ma CMR ne. Kada ka tsaya ga abin da mai shago ya faɗa, ɗauki lambar samfurin ka duba a shafin kamfanin.

Abu na biyu, kada ka sayi biyun daga kwali ɗaya in da hali. Faya-fayan da aka ƙera rana ɗaya, aka yi jigilarsu tare, suka sha zafi ɗaya da girgiza ɗaya, ba abin mamaki ba ne ajalinsu ya zo kusa da juna. Ni nakan haɗa na kamfanoni biyu, mdadm bai damu ba. Kuma ka jona su kai tsaye da wayar SATA a cikin injin. Gidan faifai na USB yakan yanke na ɗan daƙiƙa, shi kuma tsarin ba ya yafe wannan.

Sai UPS, wato akwatin batir da ke riƙe injin idan wuta ta ɗauke. Duk wanda ke aiki inda wuta ke ɗaukewa ana komawa janareta sau da yawa a yini ya san wannan ba kayan ado ba ne. Nemi mai wayar USB, yadda manhaja irin NUT ko apcupsd za ta kashe injin a hankali kafin batir ya ƙare.

Mataki na farko: san wane ne wane

    sudo apt install mdadm smartmontools gdisk rsync
    lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL

Za ka ga sunaye irin sda, sdb, sdc. A misalina sda ne ke ɗauke da Linux, sdb da sdc su ne sababbin. Naka zai iya bambanta, kuma waɗannan haruffan sukan sauya bayan an sake kunna inji, lambar siriyal ce ba ta sauyawa. Ga al'adata: ina yanko farin tef, in rubuta Hassan a ɗaya da Husaini a ɗayan, tare da haruffa huɗu na ƙarshen siriyal ɗin kowanne, in manna a gefen da ido zai gani da an buɗe murfi. Ran da ɗaya ya mutu kana cikin ruɗani, wannan tef ɗin ne zai hana ka zare mai lafiyar. Kada ka yi mamaki in ka ga terabait 4 ya fito 3.6T, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da kwamfuta, ba a cuce ka ba.

Mataki na biyu: gwada su tun suna fanko

    sudo smartctl -t long /dev/sdb
    sudo smartctl -t long /dev/sdc

Gwajin yakan ci sa'o'i, zai faɗa maka kimanin lokacin. Bayan ya gama ka buga `sudo smartctl -a /dev/sdb` ka duba layuka uku: mai lamba 5, wato guraben da suka lalace aka sauya musu wuri, mai lamba 197, waɗanda ake zargi, da 198, waɗanda suka gagari gyara. A sabon faifai duka sifili ya kamata su nuna. Duba mai lamba 9 kuma, shi ne sa'o'in da faifan ya yi a kunne. Idan an sayar maka da shi a matsayin sabo ka ga dubban sa'o'i, mayar wa mai shi.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Idan faifai ya ci karo da gurbin da ya ƙi karantuwa, na kwamfutar tebur yakan nace yana ta gwadawa har fiye da minti ɗaya, alhali Linux daƙiƙa 30 yake jira kafin ya fid da rai. Sakamakon shi ne a kori faifai mai sauran lafiya saboda gurbi ɗaya. Duba da `sudo smartctl -l scterc /dev/sdb`. In yana karɓa, ka saita shi ya haƙura a daƙiƙa 7 da `scterc,70,70`, sai mdadm ya ɗauko daga ɗan'uwansa ya gyara wurin. In ba ya karɓa, ka ɗaga jiran Linux zuwa 180 a `/sys/block/sdb/device/timeout`. Duka biyun sukan ɓace idan an kashe inji, don haka a sa su cikin abin da ke gudana a kowane tashi.

Mataki na uku: yanka yanki

Wannan umarnin yana share komai, ka sake kallon harafin sau biyu kafin ka danna.

    sudo wipefs -a /dev/sdb /dev/sdc
    sudo sgdisk -n 1:0:-200M -t 1:fd00 /dev/sdb
    sudo sgdisk -n 1:0:-200M -t 1:fd00 /dev/sdc

Megabait 200 da muka bari a ƙarshe da gangan ne. Wanda za ka saya nan da shekara uku, ko da an rubuta masa terabait 4, zai iya gaza na yanzu da ɗan kaɗan, kuma mdadm ba zai karɓi wanda ya gaza ko da ƙiris ba. Wannan ɗan rarar ita ce za ta fisshe ka.

Mataki na huɗu: ɗaura tagwayen

    sudo mdadm --create /dev/md0 --level=1 --raid-devices=2 --bitmap=internal /dev/sdb1 /dev/sdc1

Zai yi maka gargaɗi game da tayar da inji daga wannan haɗin. Tunda ajiya ce kawai za mu yi, amsa da y. Shi `--bitmap=internal` ɗan kundi ne da tsarin ke rubuta wuraren da yake cikin taɓawa. Idan wuta ta yanke ba zato, waɗannan wuraren kaɗai zai daidaita cikin daƙiƙoƙi, maimakon ya bi faifan gaba ɗaya. A wurinmu wannan kundin ya biya kuɗinsa.

Yanzu sai daidaitawar farko. Buga `watch cat /proc/mdstat` ka ga tana tafiya. Yi lissafi da kanka: terabait 4 a gudun megabait 150 a daƙiƙa ya haura sa'a 7. Za ka iya ci gaba da aiki tana yi, amma ni nakan fara ta da safe a ranar da na tabbatar akwai man janareta, in bar ta ta gama. Ka taɓa jikin injin lokaci-lokaci, ko ka duba zafin a layi mai lamba 194 na smartctl. In ya doshi digiri 50 a watan Afrilu, ƙara fanka, ka kuma kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe ragar gaba.

Mataki na biyar: tsarin fayil da rajista

    sudo mkfs.ext4 -L ajiya -m 1 /dev/md0
    sudo mdadm --detail --scan | sudo tee -a /etc/mdadm/mdadm.conf
    sudo update-initramfs -u

Da `-m 1` mun rage abin da ext4, tsarin fayil ɗin da muka ɗora, ke keɓewa daga kashi 5 cikin ɗari zuwa 1, in ba haka ba wajen gigabait 200 ne zai zauna ba amfani. Layi biyun ƙarshe kuwa in ka tsallake su, gobe za ka tashi ka ga md0 ya koma md127, ka yi ta neman abin da ka ɓata. A nau'o'in Linux na dangin Red Hat fayil ɗin `/etc/mdadm.conf` ne, umarnin kuma `dracut -f`.

Sai wurin ɗora shi:

    sudo mkdir /ajiya
    sudo chattr +i /ajiya
    sudo blkid /dev/md0

Kwafi UUID ɗin da ya fito, wato lambar shaidar tsarin fayil ɗin, ka sa wannan layin a `/etc/fstab`, sannan ka buga `sudo mount -a`:

    UUID=naka-a-nan  /ajiya  ext4  defaults,nofail  0  2

`nofail` yana barin inji ya tashi ko da tagwayen ba su hau ba. Amma yana da tarko: in ba su hau ba, manhajar kwafi za ta ga `/ajiya` a buɗe ta yi ta zuba kaya a faifan Linux har ya cika maƙil, kai kuma kana zaton komai lafiya. `chattr +i` da muka yi tun babu komai a kai shi ke toshe wannan, domin fankon wurin ba ya karɓar rubutu sai an ɗora tagwayen a kansa.

Mataki na shida: ba shi baki

Wannan shi ne matakin da aka tsallake a ofishin can. Buɗe `/etc/mdadm/mdadm.conf` ka sa adireshin imel ɗin da ake dubawa kullum a gaban `MAILADDR`. Injin yana buƙatar abin aika wasiƙa, msmtp-mta ya wadatar kuma saitinsa gajere ne. Sannan ka gwada:

    sudo mdadm --monitor --scan --test --oneshot

In saƙo bai shigo ba, ba ka gama ba, kada ka wuce. Duba har akwatin tarkace. In mutanen wurin ba masu buɗe imel ba ne, akwai layin `PROGRAM` a fayil ɗin, wanda zai kira ɗan rubutunka ya tura saƙon ta Telegram. Sa mutum biyu su riƙa samu, domin ma'aikaci yakan bar aiki ya tafi da akwatinsa. Ka kunna smartd shi ma, wato mai gadin lafiyar faifai da ke cikin smartmontools, shi ne zai gaya maka faifai ya fara ciwo tun kafin ya faɗi.

Akwai kuma bincike na wata-wata, inda tsarin ke karanta faya-fayan biyu daga farko zuwa ƙarshe don gano gurbin da ya ruɓe a ɓoye. Debian da Ubuntu sun tsara shi a Lahadin farko ta kowane wata, wajen ƙarfe ɗaya na dare. To ofishin da ake kashe janareta da magariba a kulle ƙofa ranar Juma'a, yaushe injinsa zai ga ƙarfe ɗayan daren Lahadi? Mayar da shi lokacin da injin ke kunne, ko ka tayar da shi da hannu:

    echo check | sudo tee /sys/block/md0/md/sync_action

Idan ya gama ka duba `mismatch_cnt` a wannan wurin, shi ke nuna yawan guraben da biyun suka saɓa.

Mataki na bakwai: kashe Husaini da gangan

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin ka zuba kayan gaske, yi wannan:

    sudo mdadm /dev/md0 --fail /dev/sdc1
    sudo mdadm /dev/md0 --remove /dev/sdc1

Duba `/proc/mdstat`, za ka ga `[U_]`. Duba wayarka, saƙo ya zo? Buɗe `/ajiya`, fayilolin gwajin suna nan? Sake kunna injin a haka ka tabbatar yana tashi da faifai ɗaya. Sannan ka mayar da shi da `sudo mdadm /dev/md0 --add /dev/sdc1`.

Ranar gaske ma haka take, da ƙari kaɗan. Da `sudo mdadm --detail /dev/md0` da lsblk za ka gane siriyal ɗin mai rai, ka kashe inji, ka zare ɗayan bisa ga tef ɗinka, ka soka sabo. Yanka masa yanki da `sgdisk -n 1:0:0 -t 1:fd00`, wannan karon ba sai ka bar rara ba, sannan `--add`. Amma kafin ka fara, in kwafinka na waje ya kwana biyu, sabunta shi tukuna. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa: sa'o'in nan bakwai ko takwas da za a yi ana karanta tsohon faifan ba hutawa su ne mafi haɗari a rayuwarsa, kuma a lokacin ba shi da mataimaki.

Zuba kwafin

Kada ka yi kwafin da ke danne na jiya, domin in fayil ya lalace yau, gobe lalataccen ne kaɗai zai rage maka. Ga hanya mai sauƙi da rsync:

    rsync -a --link-dest=/ajiya/na-karshe /srv/takardu/ /ajiya/$(date +%F)/
    ln -sfn /ajiya/$(date +%F) /ajiya/na-karshe

Kowace rana tana samun jakarta mai kwanan wata, wadda in ka buɗe za ka ga komai cif, amma fayil ɗin da bai sauya ba ba ya cin sabon wuri, nuni ne kawai ake yi zuwa na jiya. Mai son a kulle kwafin da kalmar sirri ya duba restic ko BorgBackup. Kuma ka tsara yadda injin ajiyar ne zai je ya ɗebo daga sauran kwamfutoci. In ka buɗe musu `/ajiya` suna rubutu yadda suka ga dama, duk cutar da ta kama ɗaya daga cikinsu ta sami hanyar shiga rumbun.

Ƙa'idar da ma'aikata ke kira 3-2-1 tana nan daram: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban. A wannan lissafin tagwayenka kwafi ɗaya ne, ba biyu ba. Faifan waje da ake kawowa duk Juma'a a cika shi a mayar gidan mai ofis ya isa ya zama na ukun. Sau ɗaya a wata ka ɗauko fayil ɗaya daga kwafin ka buɗe shi, ka ga da idonka yana buɗuwa.

In faya-fayan sun kai huɗu

Sai a yi tagwaye biyu a shimfiɗa kayan a kansu, wato RAID 10, da `--level=10 --raid-devices=4`. A tsarin da mdadm ke bi in ba ka sauya ba, na farko da na biyu a jerin da ka rubuta su ne tagwaye, na uku da na huɗu su ma haka. Za ka iya rasa ɗaya daga kowane ɓangare ka tsira, amma in biyun ɓangare ɗaya suka tafi, komai ya tafi. Don haka in ka sayi biyu daga wannan kamfani biyu daga wancan, ka sarƙa su yadda kowane ɓangare zai sami ɗaya-ɗaya.

Akwai gibi ɗaya a mdadm da ya kamata ka sani. Idan biyun suka karantu lafiya amma abin da ke cikinsu ya saɓa, ba shi da hanyar sanin wane ne mai gaskiya. ZFS, wani tsarin fayil da ke haɗa faya-fayai da kansa ba sai da mdadm ba, yana ajiye wa kowane guntun bayani lambar tantancewa, don haka yakan gane lalataccen ya gyara shi daga mai kyau. Ubuntu tana zuwa da shi tun fitowar 16.04, kuma haɗa tagwaye biyu layi ɗaya ne:

    sudo zpool create -o ashift=12 ajiya mirror faifai1 faifai2 mirror faifai3 faifai4

A wurin sunayen nan ka sa cikakkun sunayen da ke `/dev/disk/by-id/`, masu ɗauke da siriyal. Binciken wata-wata a can `zpool scrub ajiya` ne, ana ganin sakamakonsa da `zpool status`. Yana son ƙwaƙwalwar inji mai ɗan yawa, kuma umarninsa daban ne, don haka atisayen kashe faifai sai ka sake yin sa da `zpool offline` da `zpool replace` har hannunka ya saba.

Shi kuma faifan da ka cire, kada ka jefa shi a aljihun tebur haka nan. Kwafi ne cikakke na duk abin da ke ajiyar, takardun albashi da na abokan ciniki duka. In yana motsi, buga `sudo mdadm --zero-superblock` a kan yankinsa don kada wata rana a jona shi ya rikita tsarin, sannan ka bi shi da `shred -n 1` ya shafe komai. In ya mutu murus, kwance murfin ka fasa farantan da ke ciki kafin ya isa hannun 'yan gwangwan.